Gyaran Gida Kafin Saukar Ruwa: Daga Bazarar Arewa Zuwa Ta Sabo



Ranar da ruwan farko na bana ya sauka muna cikin sallar asuba ne a ɗan masallacin layinmu. Kafin mu sallame, sahu na biyu ya jiƙe, don kwanon ya huje wuri uku. Muna naɗe tabarmi sai wani yaro cikin ɗalibaina ya ce, "Malam, kakata kullum tana cewa gida mai mutane ba ya shiga damina da kayan bara. Me take nufi?" Na ce masa ya dubi tabarmar da ke hannunsa. Amma tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na ji daga iyaye da abin da na gani da idona.

A ƙasar Hausa, daga an gama kaka sai sanyin hunturu ya shigo, rani ya miƙe, sannan bazara ta zo wajen watan Maris zuwa Mayu. Lokacin zafi ne mai tsanani, hadari ya taso ya watse, mutane su fito da shimfiɗa tsakar gida su kwana, ruwan randa ya yi daraja. Ruwan shuka a Kano da Katsina sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. To wannan tsakanin, da amfanin gona ya shiga rumbu kuma ba a fara shuka ba, shi ne lokacin da hannun magidanci yake sake, ƙasa kuma ta bushe sarai. Shi ya sa gyaran gida ya zama aikin rani da bazara.

Gidan ƙasa ba ya yafe sakaci. Da tubali ake gina shi, a rufe soro da azara, wato itacen giginya da aka tsaga, saboda gara ba ta cika cin sa ba. A bi samansa da ƙasa, a sa indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da bango. Kowace damina sai ta ɗan zaftare wani abu, don haka kowace shekara sai an sake yaɓe. Magina suna da sirrinsu. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa ta a kwaɓa da ƙasa, ta sa bango ya yi ƙarfi ruwa ya riƙa zamewa. Ikon Allah, ɗorawa kuwa a bazarar take nuna, daidai lokacin da ake bukatar ɓawonta. Masu hali kuma su yi laso: katsi na marina, da gashin jima daga majema, da dafara, a haɗa su ya zama kamar siminti. Ka ga marini da majemi da magini kowa na cin albarkacin ɗan'uwansa.

Sana'a ce mai sarauta, don manyan garuruwa suna da Sarkin Magina. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya tun zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara 190 ke nan, da ƙasa da azara. A fuskar gidajen attajirai kuma a yi zane, a fitar da dagi, a ɗora zankwaye a kan soro. Da zamani ya zo har keke da mota da agogo magina suka riƙa zanawa a ƙofar gida. A ƙauye kuwa aikin baibaya ne: a yanko shuci, a sauke tsohuwar jinka a sabunta ta, a ɗaure sabon zana da darni. Gayya ake kira, shi ya sa aka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Cikin ɗaki na mata ne. Su ke yin daɓe: a zuba burji, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna bugawa suna waƙa har ƙasa ta kwanta, a bi ta da ruwan makuba ta yi duhu tana ƙyalli. A shafe bango da farar ƙasa. Sai jere. Tun asali ƙorai ne da akusa da tasoshi, a ɗora wani kan wani, a rufe da faya-fayai masu launi, wasu a rataye a ragaya. Mai shigowa da ya ɗaga labule ya san irin gidan da matar ta fito.

Yanzu bari mu gangaro Badun. Hausawa sun daɗe suna zuwa garin nan fatauci, amma jirgin ƙasa ne ya buɗe hanya sosai. Dogo ya iso nan daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911. Shanu suna gangarowa, huhunan goro suna hawa. A 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan wuri da muke kira Sabo. Kakanninmu sun zo da tsarin gidansu a ka: zaure a gaba, ɗakunan baƙi na fatake, sannan cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga. Wannan bai canja ba, don sana'ar mai gida ita ce saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a ciniki.

Abin da ya gagare su shi ne ruwa. Nan damina tana farawa tun Maris, ta kai har Oktoba, da ɗan sararawa a watan Agusta. Soron ƙasa ba zai jure wata bakwai yana shan ruwa ba. Dole aka bi yadda masu gari suke yi: bangon jar ƙasa, a shafe da siminti, a rufe da kwano. Daga baya bulo ya shigo. Azara da laso da madaɓi suka zauna a Arewa. Ita ma bazarar ta matso gaba ta gajarce. Wanda ya ce zai jira watan Afrilu kamar yadda ubansa yake yi a Kano, ruwa ya riga ya same shi a gado. Sai lokacin gyara ya koma daga ƙarshen hunturu, Janairu zuwa Fabrairu. Kayan aiki sun canja, wata ya canja, amma ɗabi'ar ta zauna: ba a bari ruwa ya tarar da gida yadda ya bar shi.

Na taso na ga wannan a gidanmu, wajen 1978 zuwa 1985. Baba, Allah ya jiƙansa, ɗan goro ne, yana saye a Shagamu yana aikawa Arewa. Da ƙurar hunturu ta fara kwantawa zai kira kafinta, wani dattijon Bayarabe da suka shekara ashirin tare. Ya hau sama yana bin kusoshi ɗaya bayan ɗaya, inda ya huje a liƙe da tsumma da kwalta, fallen da ya ruɓe a cire. Mu yara aikinmu kwata: a ba mu shebur da tsohon kwando mu kwashe tun daga ƙofarmu har inda ta haɗu da ta maƙwabta, su ma nasu yaran su ɗora daga nan. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya rubuta takarda. Abin kunya ne kawai a ga kwatarka a cushe ta maƙwabcinka a share.

A cikin gida kuwa Inna ce sarauniya. Rana guda za ta sa a sauko da jerenta kaf, a baje a tsakar gida kan tabarmi. Kwanoni ne masu fenti, samira da langa da kumbo da fanteka, saiti-saiti daga babba zuwa ƙarami. 'Yan mata su wanke da soso da toka, a shanya, a goge da tsumma. Kafin su bushe an shafe ɗakin da farar ƙasa da aka ɗiga wa bula, an kakkaɓe gadon ƙarfe mai rumfa, an fitar da katifar rimi ta sha rana. Da la'asar a mayar da jere, kuma ita kaɗai ta san mazaunin kowane kwano. Idan ka juya furen murfi ya kalli bango, sai ta gani tun daga bakin ƙofa. Faya-fayai da mafici da tabarmar kaba kuwa daga Arewa ake kawo mata, saƙon ƙanwarta, a motar shanu ko a hannun fatake. Sauran ƙarshen kabar ta zauna da rana tana gyara bakin faifan da ya tsinke, maza a zaure suna ɗinkin hula, mu muna shan mangwaro muna ɓata riga.

Kada wani ya ɗauka ado ne kawai. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. Ya lura cewa matan aure na unguwar nan, duk da suna cikin kulle, suna sana'ar abinci ta hannun yara masu talla, ribar kuma suna zuba ta a kwanonin jere da ake kawowa daga ƙasar Chekosulobakiya. Abin da shi ya gani da idon baƙo, mu mun san shi da cikinmu. Jere shi ne bankin mace. Da shi take aurar da 'yarta, da shi take tare ranar wuya. Shekarar da goron Baba ya lalace a hanya, zafi ya dafa shi kafin ya isa, Inna ce ta sauke saiti biyu ta ba dillaliya a ɓoye. Da kuɗin muka ci abinci har ya farfaɗo. Ba ta taɓa faɗa masa ba, amma da ya shiga ɗakin ya ga giɓin. Bai ce komai ba shi ma. Da kasuwa ta dawo, saiti uku ya saya. Kwano a sama, kwano a ɗaki, su biyun suka rufa mana asiri.

Daga baya kwanon jere ya ba da wuri. Kabet ya shigo da tangaran da gilashi, sai kuloli, sai roba. Leda ta rufe siminti, yanzu kuma tayil. Ban ce a koma daɓe ba, ni kaina tayil ne a ɗakina. Abin da ke damuna shi ne mun riƙe adon mun saki gyaran. A shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, daidai lokacin da ya kamata kafinta ya hau sama. Sai ka ga an kashe kuɗi a fenti da labule saboda baƙin Sallah, ruwan farko ya zo ya zana taswira a silin.

Kuma mun ga abin da ruwa yake yi a garin nan. Ranar 31 ga Agusta 1980 kogin Ogunpa ya yi ambaliyar da Yarabawa suke kira Omiyale, rayuka da gidaje masu yawa suka salwanta. Ina yaro lokacin, amma ban manta yadda manya suka kwana a tsaye ba. Ranar 26 ga Agusta 2011 aka sake yin wata. Duk lokacin da aka yi maganar dalili, sai an ambaci shara a magudanai da gini a kan hanyar ruwa. Ledar ruwan da ka jefa a kwatar ƙofarka ba ɓacewa take yi ba, ɗakin wani take zuwa ta toshe.

Me ya kashe al'adar? Tsadar siminti da kwano gaskiya ce, ba na musu. Amma babban dalili, a abin da nake gani wajen sulhu, shi ne gidan gado. Gidan da mutum ɗaya ya gina yau magada ashirin ne ke da shi, wasu a nan, wasu a Kano, wasu a Ikko. Kowa ya san rabonsa a kuɗin haya, ba wanda ya san rabonsa a kuɗin kusa. Ɗan haya ya ce ba gidansa ba ne, magaji ya ce ba shi kaɗai ba ne. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na faɗa ciki. Shekara uku muna ja da Yaya a kan wa zai biya falle huɗu na ɗakin Inna, bayan rasuwarta. Kafin mu shirya, ruwa ya ci katakon rufin, bango ya tsage, abin da ya rage na jerenta ya yi tsatsa a cikin kwali. Mun biya ninkin abin da muke gudu, kwanonin kuma ba su dawo ba. Ina yi wa mutane wa'azin haƙƙin maƙwabci, ga ruwan rufina yana zuba a bangon maƙwabcina. Allah ya yafe mana.

Don haka ga shawarata, ba sabuwa ba ce, ta iyayenmu ce. Duk gidan gado, a cire kuɗin hayar wata ɗaya a shekara kafin a raba, a ajiye a hannun wanda aka yarda da shi, a kira kafinta tun Janairu. Kowane layi ya sa ranar kwashe kwata kafin ruwan farko, masu unguwa da limamai mu yi sanarwa bayan sallah, matasa su fito, masu hali su kawo abinci kamar yadda ake yi a gayya. Iyaye mata kuma, wadda take da sauran kwanon kakarta ko faifan hannun tsohuwa, kada ta ba 'yan gwangwan. Ta sauko da shi sau ɗaya a shekara, ta sa jikoki su wanke, ta gaya musu wanda ya saye shi da abin da aka sayar aka saye shi.

Masallacinmu dai mun yi karo-karo, an canja falle biyar ranar Asabar. Yaron da ya yi tambayar shi ya riƙe wa kafinta tsani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da ambaliya, ya jiƙan waɗanda suka gina mana inda muke kwana. Amin.