Gishiri, Dunƙule da Kanwa: Yadda Za Ku Rage Su a Abincin Gida

Hawan jini yakan daɗe a jikin mutum ba tare da wata alama ba, sai ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko gazawar zuciya. Cikin abubuwan da ke tayar da shi akwai sinadarin sodiyam, wanda idan ya yi yawa yake sa jiki riƙe ruwa, zuciya kuma ta riƙa aiki fiye da ƙima. A yawancin gidajen birnin Zazzau, ta hanyoyi uku yake shiga tukunya: gishiri, dunƙule da kanwa.

Nawa ne ya isa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wannan lissafi ya haɗa duk abin da kuka ci, tun daga karin kumallo har tuwon dare. Yara kuwa buƙatarsu ba ta kai haka ba.

Inda yake ɓuya

Kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne. Idan uwargida ta sa dunƙule huɗu a miyar kuka, ta kawo gishiri ta ƙara, an yi gishiri biyu ke nan. Haka kuma akwai shi da yawa a yajin tsire da balangu, da kilishi, da kifin gwangwani, da garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar yara. Burodi ma yana ɗauke da shi, ko da harshe bai ji ba.

Kanwa da mai jego

Kanwa ita ma sodiyam ce. Ana sa ta a dafa wake da ɗanwake da miyar kuɓewa, amma inda ta fi yawa shi ne kunun kanwa. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun lura da yawan matan Zariya da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa. Sun danganta hakan da yawan shan kunun kanwa, da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Ba kanwa kaɗai ke kawo wannan ciwo ba, amma tana ƙara wa zuciyar mai jego nauyi. Ku dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya a madadinsa, ruwan wankan kuma ya zama mai ɗumi.

Abin da za ku yi a gida

1. Ku riƙa auna gishiri da cokali, kada ku ɗiba da hannu. Wanda za ku saya ya kasance mai sinadarin aidin.
2. Ku rage dunƙule sannu a hankali. Cikin 'yan makonni harshe zai saba.
3. Ku nemi ɗanɗano a daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da attaruhu.
4. Ku jiƙa wake tun dare, zai nuna da wuri ba sai an sa kanwa ba.
5. Ku yawaita ganye: zogale, alayyafo, rama da yakuwa, a miya ko fate ko kwaɗo. Ganye da wake da 'ya'yan itace irin su lemo, gwanda da ayaba suna da sinadarin fotasiyam da ke taimakawa wajen saukar da jini. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya yawaita su.
6. Ku yi tafiya da sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Zuwa kasuwa ko Babban Dodo ko Ƙofar Doka da ƙafa, maimakon hawa acaɓa, yana cikin lissafi.

Ku yi wannan sauyi a tukunya ɗaya ga kowa da kowa. Idan aka ware wa maigida tasa miyar, da wuya ya ɗore a kai, yara kuma za su taso da son gishiri.

Yaushe za ku je asibiti?

Kowane baligi ya riƙa auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara, a asibitin sha-ka-tafi na unguwa ko a Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Idan awon ya kai 140/90 a ranaku biyu daban-daban, ku ga likita. Rage gishiri ba ya maye gurbin magani, saboda haka wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina sha don kansa.

Ku garzaya asibiti nan take idan baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko magana ta sarƙe. Haka nan mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki idan ta kwanta, a kai ta a ranar, kada a jira ta gama arba'in.