ZARE: Ina kifin rafukanmu ke zuwa da rani? Tarihin tafiyar kifi a Gulbin Sakkwato

1/ Duk wanda ya taso a Faskari, Ƙanƙara ko Sabuwa ya san wannan: rafi ya bushe ƙarƙaf da rani, har yara su buga ƙwallo a yashinsa, amma damina na kankama sai ka ga tarwaɗa da ƙarfasa a ciki. Wasu na cewa daga sama suke faɗowa. Ba haka ba ne. Ku biyo ni.

2/ Gulbin Sakkwato daga yankinmu yake farawa, kusa da Funtuwa. Ya bi ta Gusau, ya wuce kusa da Talatar Mafara, ya haɗu da Gulbin Rima a Sakkwato, sannan ya juya kudu ta Argungu da Birnin Kabbi har ya faɗa Kogin Kwara. Wannan ita ce babbar hanyar kifi, mu kuma muna can samanta.

3/ Ga yadda abin yake. Ruwan farko na sauka, gulbi ya fara cika, sai manyan kifaye su baro zurfafan guraben da suka yi rani a ciki, su tunkari inda ruwa ke gangarowa. Masunta kan ce kifi ya hau.

4/ In gulbi ya tumbatsa ya malala fadama, sai su bi shi cikin ciyawa su zuba ƙwai. A nan 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya. Wajen Oktoba zuwa Nuwamba ruwa ya fara ja, sai a koma gulbi. Waɗanda suka makara su maƙale a tafki, su ake kamawa ranar su.

5/ Biyu daga cikinsu na da dabara ta daban. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska, har ta ja ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa daga kududdufi zuwa wani. Gaiwa kuwa ba ta tafiya, tana binne kanta a laka ne ta kwana a ciki watanni har ruwa ya dawo. Ga inda maganar faɗowa daga sama ta samo asali.

6/ Waɗanda suka fara bin diddigin wannan tafiya masunta ne, musamman Sarkawa na Kabi da Yawuri. Sun san watan da kawara ke wucewa, da gurbin da giwan ruwa ke fakewa. Su ma kansu bin kifin suke yi da jiragen ruwa, har ƙasar Mali. Bafaranshe Jean Rouch ya yi rubutu kan wannan yawo nasu a 1950.

7/ Suna da doka kuma. Sarkin Ruwa ne ke cewa yau a shiga, gobe kar a shiga. Akwai guraben da ake hana taɓawa sai rana ɗaya a shekara. Turawa za su kira shi kare muhalli, kakanninmu dai sun san in ka kame uwa kafin ta yi ƙwai, badi ba ka da abin kamawa.

8/ Bikin Argungu daga wannan tsari ya fito. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, aka yi masa babban su. Har yau ana tsare Matan Fada don ranar. UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya a 2016.

9/ A ɓangaren boko, Jacques Daget ya zauna a Diyafarabe ta Mali yana nazarin kifin Kwara. Ya rubuta yadda wani ƙaramin kifi dangin kawara, da suke kira tineni, ke hawan gulbi tuli-tuli, tafiyarsa na bin hasken wata. Masuntan Bozo sun riga shi sani.

10/ Daga baya Robin Welcomme, a littafinsa na 1979, ya nuna cewa a gulaben da ke da fadama, yawan kifin da ake kamawa bana ya danganta da faɗin ambaliyar shekarun da suka gabata. Ku riƙe wannan, ita ce ginshiƙin zaren nan.

11/ Sai zamanin madatsun ruwa. An kammala Kainji a 1968. An kafa cibiyar bincike a New Bussa don lura da abin da zai biyo baya, ita ce yau cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa. Sun ga faliya ta yi yawa a shekarun farko, sannan ta ragu sosai.

12/ Namu na kusa shi ne Bakolori, a kan Gulbin Sakkwato kansa, an gama shi a 1978. Tarihi ya fi tuna shi da kisan manoman da suka yi bore kan gonakinsu a Afrilun 1980. Allah Ya jiƙansu. Amma akwai wata asarar da ba a cika magana a kai ba.

13/ Binciken da William Adams ya wallafa a 1985 ya nuna dam ɗin ya rage ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasansa. Noman shinkafa ya ja baya, kamun kifi ya faɗi, wasu masunta suka bar gida neman ruwa a wani wuri. Sai ga Goronyo a kan Rima a 1984.

14/ Dam na yi wa kifi illa biyu. Ya tare hanya, kifin da ya taso daga Kabi ba zai haye bango ya iso samanmu ba. Sannan ya rage ambaliya, wato ɗakin haihuwa ya ƙanƙance. A Markala ta Mali an yi wa kifi matakala a jikin dam, amma ba ta yi aikin da aka so ba.

15/ Ban ce dam sharri ne ba fa. Zoɓe da Mairuwa sun ba mutane ruwa da noman rani, an kuma samu masunta a bakinsu. Abin da nake cewa shi ne ruwan da ke tsaye kifinsa daban, ya fi dacewa da irin su ƙarfasa. Masu doguwar tafiya su ke shan wahala.

16/ A Turai da Amurka yanzu ana maƙala wa kifi 'yar na'ura mai aika sauti, a dasa na'urorin saurare a gulbi, a san ranar da ya wuce da inda ya tsaya. Wani rahoton duniya na 2024 ya ce kifayen ruwan daɗi masu ƙaura sun ragu da kashi 81 cikin ɗari daga 1970 zuwa 2020.

17/ Mu namu rumbun bayanan yana kan tsofaffin masunta. Ga rashin tsaro ya raba ƙauyuka da yawa da rafukansu, ga masu zuba maganin ƙwari a tafki, ga masu su da gidan sauro suna kwashe har 'ya'yan kifi.

18/ Don haka ga roƙona, musamman ɗalibai 'yan uwana. In akwai tsohon masunci a unguwarku, ku gaishe shi ku ce, "Baba, wane kifi kuke kamawa da wanda yanzu babu? A wane wata yake hawowa, ta wane rafi?" Ku ɗauka a waya da izininsa.

19/ Ku ajiye min amsar a ƙasan zaren nan, da sunan rafin da sunan kifin yadda ake kiransa a garinku. In sun taru zan haɗa su a taswira ɗaya in sako muku.