Rubutun Gefe a Littattafan Malaman Ƙasar Dutse

Dutse tana cikin ƙasar Kano har zuwa 1991, don haka al'adar karatunta ta malaman Kano ce. A zaurukansu, wanda duk ya juyi littafin fiƙihu, kamar Risala ko Muhtasar, yakan bar fili tsakanin sheɗara da sheɗara, ya kuma bar gefe mai faɗi. Da gangan yake yi. In ɗalibi ya zauna gaban malami ana ba shi fassara, sai ya ɗora ma'anar kalma mai wuya a bisanta da ƙaramin rubutu, wani sa'i da Larabci, wani sa'i da Hausar ajami ko Fillanci. Littafin yakan bi gado, kowane mai shi ya ƙara nasa.

Ga mai nazarin harshe, wannan rubutu ya fi matanin daraja, domin Risala tana ko'ina, amma Hausar da aka fassara ta da ita a gefen kaɗai ta saura. A Barno, irin wannan rubutu a wani Alƙur'ani na 1669 shi ya adana tsohon Kanembu. Wahalar ita ce ba safai mai rubutun gefe yake sa sunansa ko shekara ba, ga shi kuma gefen takarda ne gara take fara ci.