Kwamfutar Apollo 11 da hikimar sauke kaya

A ranar 20 ga Yuli, 1969, ƙaramin kumbon Eagle yana gangarowa zuwa doron wata ɗauke da Neil Armstrong da Buzz Aldrin, sai kwamfutarsa ta nuna lambar gargaɗi: 1202. Kafin kumbon ya dira, irin wannan gargaɗi ya fito har sau biyar. Ma'anarsa ita ce aiki ya yi wa kwamfutar yawa, ba ta da sauran gurbin karɓar sabo.

Matsalar ta samo asali ne daga na'urar radar da aka tanada domin komawa ga uwar kumbo. Saboda wani rashin daidaito a wutar lantarkinta, ta yi ta aika wa kwamfutar saƙonni marasa amfani, har ta cinye fiye da kashi 10 cikin ɗari na lokacinta. Ga shi kuma ma'ajiyar da kwamfutar ke lissafi a cikinta ba ta wuce kalmomi 2,048 ba.

Injiniyoyin jami'ar MIT sun riga sun yi tanadin irin wannan rana. Hal Laning ya rubuta manhajar da ke jera ayyuka gwargwadon muhimmancinsu. Abokan aikinsa, ciki har da Margaret Hamilton, suka gina manhajar jirgin a kan wannan tubali, kowane muhimmin aiki yana barin alamar inda ya tsaya. Da zarar kaya sun yi yawa, sai kwamfutar ta sauke su duka, ta farfaɗo nan take, ta ɗauki tuƙi da sarrafa inji daga inda ta bari, ta ƙyale abin da zai iya jira. A Houston, Jack Garman ya gane lambar, ya shaida wa Steve Bales cewa a ci gaba da sauka.

Tunanin bai tsaya nan ba. Daga 1986, Joe Armstrong da abokan aikinsa a kamfanin Ericsson na Suwidin suka fara ƙirƙirar harshen Erlang domin na'urorin haɗa kiran tarho: sashen da ya samu matsala a bar shi ya mutu, wani sashe mai sa ido ya tayar da shi.

Masu tsara manhajar Apollo sun ɗauka tun farko cewa tangarɗa za ta zo, ko da ba su san ta inda za ta ɓullo ba. Abin da suka tantance tun suna ƙasa shi ne wane aiki za a riƙe, wanne za a yar.