Labarin Wuri da Zinariya, da Abin da Ya Auku a Ƙasar Anka da Bukkuyum

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai almajiri, dalilin wanga rubutu shi ne, wata rana muna karatun babin zakka cikin Risala a zaure, nan Gummi, munka kai ga hukuncin ma'adini, sai wani almajiri mutumin ƙasar Bukkuyum ya ce, "Malam, mu namu ma'adini ƙannena biyu ya ci." Na rufe littafi. Na ga ya kamata in rubuta muku labarin tun daga tushe, domin mafi yawanku ba ku yi wayo ba sa'ad da abin ya auku.

Kakanninmu da wuri sunka yi ciniki, shi ya sa har yau muke cewa kuɗi, domin kuɗi jam'in wuri ne. Ba a gulbin Zamfara ake samunsa ba, ba kuwa a gulbin Ka ba. Daga tsibiran Maldib cikin tekun Hindu ake kwaso shi. Zambar ashirin shi ne keso guda, kayan ƙato ɗaya. Bature Barth ya iske liyari guda a bakin wuri 2,500 a Kano cikin shekarar 1851. Sa'an nan fataken Turai sunka riƙa jido wani wuri daga Zanzibar, jirgi bisa jirgi, ya yi yawa, darajarsa ta faɗi. Wanda ya binne tukunyar wuri ya tona ya iske dukiyarsa ta ragu, ba kuwa ɓarawo ya shiga ba.

Nasara sunka ci Sakkwato a 1903, a 1904 sunka hana shigo da wuri, sannu sannu haraji ya koma sai da sule da sisi da kwabo. Manomi yana da gero a rumbu, ba shi da sule, dole ya shuka gyaɗa da auduga, ko ya tafi cin rani. A 1931 Ingila ta raba fam ɗinta da ma'aunin zinariya, zinariya ta yi tsada, Turawa sunka buɗe haƙa a ƙasar Zamfara da Birnin Gwari da Yawuri. Da Yaƙin Duniya na biyu ya yi zafi aikin ya ja baya, anka bar ramummuka cikin daji, tsofaffi sun san wurarensu.

Yanzu sai ka natsu, nan ne maganar take. A 2008 manyan bankuna sunka karye a Amurka da Turai. Al'adar masu dukiya ce, in sun ji tsoron kuɗin takarda sai su gudu ga zinariya. Awon da suke kira oza, wajen miskali bakwai ke nan, a 2001 bai kai dala 300 ba, a 2008 ya taɓa dala 1,000, a 2011 ya kai wajen dala 1,900. Mutumin Dareta bai san sunan bankin da ya karye ba. Abin da ya sani, dillali ya zo da ɗan sikeli, yana biya nan take, abin da damina guda ba ta bayarwa. Samari sunka jingine galma. Ɗaya daga garuruwan da abin ya fi ci ma 'Yar Galma sunansa.

Ga yadda aikin yake. Zinariyar ba a rairayi take ba, tana cikin dutse. A fasa dutsen a rami, a ɗauro shi a buhu bisa babur a kawo gari. A farfasa shi, a kai ga injin niƙa irin na hatsi, ya koma gari, a wanke, a zuba zaiba ta kama zinariya, a ƙona zaibar ta tashi. Kuma da yake mata suna cikin kulle, su ma suna son rabonsu, sai aikin ya shiga tsakar gida. Turmin da anka daka gero da safe, shi ake daka dutse da marece, a shanya garin inda ake shanya tsaba, yaro yana rarrafe a gefe, hannu a ƙasa, hannu a baki. Ni kaina na ga wanga a wani gida da na sauka, ban ga laifinsa ba a lokacin, har na yi wa maigidan barka da sabon kwano bisa ɗakinsa. Allah Ya gafarta mini.

Abin da ba mu sani ba, wani jijiyar dutse da anka faɗa wa tana cike da dalma. Dalma kuwa in ta shiga jikin babba takan daɗe tana cinsa, amma ƙaramin yaro ƙwaƙwalwarsa take hawa. Sai amai, sai taune-taune, sai suma, sai rasuwa. Wasu sunka ce iska ne, wasu sunka ce sanƙarau, mu malamai munka rubuta abin da munka iya. A watan Maris na 2010, shekarar 1431 ta Hijira, likitocin ƙungiyar MSF da sunka fito neman sanƙarau sunka iske sababbin kaburbura ƙanana sun yi yawa, anka ɗebi jini anka auna, dalma ce. Masu bincike na hukumar CDC ta Amurka sunka ƙidaya a ƙauye biyu, yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, ɗaya bisa huɗu ke nan. Akwai inda anka auna ƙasar anka iske ushurinta dalma ce. Jimlar da aka fi ambata, yara wajen 400.

Wani abu mai nauyi, akwai iyayen da sunka ɓoye mutuwar 'ya'yansu ga masu ƙidaya, don tsoron kada a hana haƙa. Kada ka yi gaggawar zarginsu. Mutum ya binne ɗaya, yana da biyar masu cin tuwo, gona kuwa ba ta kai su ga kaka.

Magani ya zo ta fuska biyu. Anka buɗe wurin jinya a asibitin Anka da na Bukkuyum, ana ba yara ƙwayar da ke jawo dalma ta fita da fitsari. Amma yaro in ya koma gidan da ya kamu, aikin banza ne, saboda haka anka bi gida gida ana kankare fuskar ƙasa ana zuba sabuwa, a Dareta da 'Yar Galma da Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza, cikin 2010 da 2011. Sarakuna sunka yi umurni a fitar da injuna bayan gari, maganarsu kuwa ta yi amfani ƙwarai. Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin Gwamnatin Tarayya har 2013, yara suna wasa bisa guba.

Mu koma ga babinmu. A mazhabar Malik, abin da ya fito daga ma'adinin zinariya in ya kai nauyin dinari 20 ana fid da rubu'in ushuri ranar da ya fito, ba a jiran shekara. Halilu kuma ya bayyana cikin Muhtasar cewa hukuncin ma'adini yana hannun shugaba. Ni abin da na fahimta, wanda anka danƙa wa hukuncin ramin an danƙa masa ƙurarsa. Na ga masu mulki sun riƙe rabin farko na mas'alar da kyau.

Bayan guba sai bindiga. A Afrilu 2019 gwamnati ta hana haƙa a jihar Zamfara baki ɗaya, ta ce zinariya tana ciyar da ɓarayin daji. Haƙa bai tsaya ba, kisa bai tsaya ba. A Janairu 2022 anka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 anka kashe, mutanen wurin sunka ce sun kai 200. Anka ɗage hanin a Disamba 2024. A Oktoba 2025 oza ta wuce dala 4,000. Almajirin nan da ya yi maganar ƙannensa ya yi mini sallama bayan kaka, ya ce zai je ya taimaki yayansa a rami, ya dawo. Allonsa yana nan jingine a zaure.

Tammat.