Darasin Da Muka Samu Daga Maƙeran Jiragen Ruwa

Ya ku 'yan makaranta, cikin shekarar 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, sai ta tarar jiragen ruwanta sun kasa, maƙera kuwa ba su da yawa. Aka ɗebo dubban mutane waɗanda ba su san kan aikin ba, aka danƙa sha'anin horonsu ga wani malamin sana'a, ana ce da shi Charles Allen.

Shi kuwa sai ya kasa koyarwa kashi huɗu. Da fari a shirya mai koyo, a binciki abin da ya riga ya sani. Sa'an nan a nuna masa aikin gaɓa gaɓa, ana yi ana faɗi. Na uku a bar shi ya yi da hannunsa. Na huɗu a komo a duba. Abin mamaki, tushen dabarar nan daga makaranta yake, gun wani shaihin malami Bajamushe, Herbart, wanda ya rasu a 1841.

A 1940, da wani yaƙin ya sake tasowa, gwamnatin Amurka ta farfaɗo da ita. Aka riƙa tara shugabannin ma'aikata zama biyar, kowane zama awa biyu. Mai koyarwa yakan kwatanta musu wani ƙullin wayar lantarki da baki, su kasa. Ya ƙulla a gabansu, su sake kasawa. Sai an bi matakan nan huɗu kana hannu ya faɗa. Ƙa'idarsu ita ce, in mai koyo bai iya ba, to, mai koyarwa ne bai koyar ba. Bayan yaƙi dabarar ta ƙetara Japan, har kamfanin Toyota ya ɗauka.

To, mu malamai nan ne maganar ta taɓa mu. Sau nawa muka karanta wa yaro ƙa'idar rabawa, ya haddace, ran jarrabawa ya faɗi, muka ce daƙiƙi ne? Alhali mun tsaya a mataki na biyu. Maƙerin garinmu bai taɓa yin wannan kuskure ba, ɗansa da zuga yake farawa har ya kai ga guduma.

Ku kuma, kada ku ce kun iya darasi sai kun rufe littafi kun yi da kanku, kun kuma koya wa ƙanenku ya gane. Allah Ya ba mu sa'a, amin.