Numfashin da Ke Tsayawa Cikin Barci

Kai mai karatun wannan takarda, wataƙila ka taɓa kwana kusa da wani tsoho, ka ji numfashinsa ya yi ta ƙaruwa, sa'an nan ya yi ta raguwa, har ya ɗauke ɗif. Kana shirin tashinsa, sai ka ji ya dawo. Yau za mu ba ka labarin yadda likitoci suka bi sawun wannan abu.

Da farko sai ka san tsayawar numfashi cikin barci iri biyu ce. Akwai ta mai minshari, wanda maƙogwaronsa ke toshewa, ƙirjinsa na ta kokawa amma iska ba ta wucewa. Akwai kuma wadda hanya a buɗe ta ke, amma ƙirji ya tsaya cik, domin ƙwaƙwalwa ba ta aiko da umurni ba. Ta biyun nan ita ce zancenmu. Likitoci ba su lissafa ta sai ta kai sakan 10.

A shekarar 1818 wani likita a birnin Dabilin na ƙasar Ailan, sunansa John Cheyne, ya rubuta labarin wani majinyaci mai shekara 60. Mutumin ya sami shanyewar ɓarin jiki, numfashinsa kuwa ya kan ɗauke kamar sakan 15, ya dawo a hankali, ya yi ƙarfi, ya sake ɗaukewa. Da ya rasu aka duba, sai aka tarar zuciyarsa ta lalace da kitse. A 1854 wani likitan garin, William Stokes, ya sake kwatanta abin cikin littafinsa na cututtukan zuciya. Shi ya sa har yau a ke kiran wannan numfashi da sunan su biyu. Da Stalin na Rasha ya kwanta ciwon ajali a watan Maris 1953, sanarwar likitocinsa ta ambaci numfashin Cheyne da Stokes, masu sani kuwa suka gane abin ya yi nisa.

To, amma mene ne ke kawo shi? Tun 1812 wani Bafaranshe, Legallois, ya nuna da zomaye cewa wurin da ke mulkin numfashi yana gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. A 1905 Haldane da Priestley a Ingila suka gano abin da wurin nan ke saurara. Ashe abin da ya fi kula da shi shi ne gurɓatacciyar iskar da mu ke fitarwa, watau kabon dayoksaid. In ta taru cikin jini, sai ya ce a ja numfashi. In ta yi ƙaranci ainun ga mai barci, sai ya yi shiru har ta sake taruwa.

Nan ne ciwon zuciya ya shigo. Zuciya mai rauni ba ta tura jini da hanzari, don haka labarin huhu ya kan iso ƙwaƙwalwa a makare. Kamar hakimi ne da ɗan aikensa ke tafiya a kan gurgun jaki: kullum umurninsa na amsa labarin jiya ne. Sai numfashi ya yi yawa, sa'an nan ya tsaya, ya sake yin yawa. Wannan ya shafe mu ƙwarai, gama hawan jini ya yawaita, kuma a shekarun 1970 likitoci a Zariya sun rubuta yawan gazawar zuciya ga mata masu jego, suka danganta ta da kunun kanwa da zafin gadon wuta.

Masu hawan dutse ma su kan same shi da lafiyarsu ƙalau. Angelo Mosso, mutumin Italiya, ya auna shi ga masu barci a kan dutsen Monte Rosa, sama da mita 4,500, a shekarun 1890. Jos ba ta kai tsawon da zai dame ka ba.

Sai a 1965 Henri Gastaut da abokan aikinsa a Faransa suka zauna suna auna masu barci da na'ura dare guda cur, daga nan aka rarrabe irin ta maƙogwaro da irin ta ƙwaƙwalwa. Bayan haka aka tabbatar da wani dalili wanda a ganinmu ya fi dukansu ban takaici, domin da kuɗinsa mutum ke sayensa. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi, dangin kodin da taramol, suna dakushe wurin nan na gindin ƙwaƙwalwa. Gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Wanda ya haɗa irin waɗannan da giya ko ƙwayar barci yana iya kwanciya bai tashi ba.

Saura zancen damuwa, wadda mutane suka fi ɗora wa laifi. Ba a lissafa ta cikin manyan dalilan cutar kamar zuciya da shanyewar jiki da ƙwaya. Amma tana da hannu. Mai fargaba ya kan yi numfashi da sauri bai sani ba, ya fitar da iskar nan fiye da kima. Da barci ya fara ɗaukarsa sai numfashi ya ɗan dakata, ya farka a firgice, fargaba ta ƙaru. Douglas da Haldane sun jawo wa kansu irin wannan numfashi a 1909 ta wurin yin haki da gangan. Kuma damuwa ce ke kai mutum ga kantin ƙwaya.

Saboda haka kada ka yarda a sallame ka da cewa tunani ne kawai, in ƙafafunka na kumbura, ko ba ka iya kwanciya sai da matashi biyu ko uku, ko kana gyangyaɗi da rana tsaka. Ka roƙi wanda ku ke kwana tare ya ƙidaya tsawon shirun, ya lura ko ƙirjinka na motsi a lokacin. Ka kai wannan labari ɗakin shan magani, tare da kwalayen dukan abin da ka ke sha, har na gargajiya. Malamin zai auna jininka, ya duba ƙafafunka, in ya ga alamar zuciya ya ba ka takarda zuwa babban asibiti.